Gefen Takardar Mode

Duk wanda ya saba cin kasuwar Bodinga ya san Mode Tafireta. Rumfarsa tana layin maɗinka, da ɗan teburinsa mai ƙafa uku da rabi, an cike rabin da tubali. Nan yake buga wa mutane wasiƙa da takardar koke da shaidar sayen gona. Siriri ne, dogon wuya gare shi, kuma ba ya taɓa tafireta sai ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da hankici, ko da mai takardar zai rasa motar garinsu. Idan baƙo ya tambaye shi yadda aka yi ma'aikacin gwamnati ya ƙare a rumfar kasuwa, ba ya ɓata rai. Shi ke riga mai tambayar dariya.

"Wasu sata ta tak kore su," in ji shi, "wasu ƙyuya. Ni kau tsabta ta."

Gaskiya yake faɗa, ko da yake ba duka ba.

A Sifawa aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Abu, kwafar littattafai da hannu ce sana'arsa. Mutane sukan kawo masa littafin fiƙihu ko na nahawu da ya tsufa, ya juye shi a sabuwar takarda da alƙalamin kara. Mode ya tashi yana kallon wannan aiki, kuma abin da ya fi burge shi shi ne yadda tsohon ba ya matsa wa layi. In kalma ta tsallake masa, ko ta rasa wuri, ba ya cusa ta. Sai ya yi 'yar ƙugiya a inda ya kamata ta zauna, ya kai ta gefen takarda ya rubuta a karkace, mai karatu ya bi ƙugiyar ya same ta. Shafi ya fito fes, babu abin da ya hau kan wani.

Malam Abu ya so ɗansa ya gaje shi, amma hannun Mode ya ƙi. Shekara uku yana ɓata wa tsohon takarda, layinsa kullum gangarawa yake yi. A ƙarshe Malam Abu ya ɗauki wani shafi nasa ya daɗe yana kallo, ya ce a kai yaron nan boko, wataƙila su can ba su damu ba. Haka Mode ya gama firamare, ya tafi Sakkwato ya koyi tafireta a wurin wani mutumin kudu. Ranar da ya fara ganin haruffa suna fitowa kai ɗaya, a miƙe, ba ruwansu da karkatar hannunsa, ya ji an sauke masa wani nauyi. Ya gaji tsantsenin ubansa kaf. Abin da ya baro a Sifawa shi ne, Malam Abu ya san ma'anar abin da yake kwafa.

A shekarar 1980 aka ɗauke shi aiki a wata makarantar sakandare a Bodinga. Mulkin farar hula ne, kuɗin mai na yawo, ana buɗe makarantu ta ko'ina. A kan sitansil ake buga takardun jarrabawa, wata takarda mai santsi wadda haruffan tafireta ke hudawa. Sai a ɗaura ta a gangar injin gurzawa, a zuba tawada, a yi ta juya hannu kwafi na fita. Katan-katan ake kawo sitansil ɗin, Mode kuwa ya samu yadda yake so. Harafi ɗaya ya karkace, sai ya zare ya yar, ya ɗauki sabo. Ya sayi keke, ya auri Salamatu 'yar Danchadi, ya jera biro uku a aljihun gaba, shi da ba ya rubutu da hannu. Malamai masu digiri sukan tsaya a bakin ƙofarsa da takardunsu suna jiran ya ɗago kai, shi kuma yakan ɗan jinkirta ɗagowar.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa, wata alama da ke cikin takardun Malam Abdulƙadir, malamin lissafi. Sigima sunanta a wurin masu ita. Tana kama da harafin M da aka kwantar da shi a gefe, kuma aikinta, kamar yadda Malam Abdulƙadir ya taɓa yi masa bayani bai saurara ba, shi ne ta ce a tara lambobi. A ƙarƙashinta ake rubuta inda za a fara, a kanta inda za a tsaya. Babu ita a jikin tafireta. Dole Mode ya bar mata fili, ya murɗa takarda rabin layi ya buga na kai, ya sake murɗawa ya buga na ƙasa, sannan ya zare sitansil ya shimfiɗa a kan gilashi, ya zana ta da rula da alƙalamin ƙarfe, yana riƙe da numfashi kada ya yaga. Shi ya raɗa mata Gwaggo, saboda wata gwaggonsa da ba ta taɓa zuwa gidansu ba sai da ƙunshi a ka da tarkace a gindinta. Da yau da gobe ya iya zaunar da ita, sunan kuma ya bi makarantar, har ɗalibai Gwaggo suke cewa.

Sai duniya ta juya. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, aka tsuke har da na waɗanda ba su da aljihun. Sabulu da madara suka koma sai an bi layi. Sitansil ya koma kabad ɗin shugaban makaranta, shafi ɗaya sitansil ɗaya, in ka ɓata ka san yadda za ka yi. Jan ruwan da ake toshe kuskure da shi ya bushe a kwalba, Mode ya ɗauke jan farcen Salamatu na cikin kayan aurenta, ya ce aro ne. Takarda ta yi wuya har aka kafa doka, in an gama jarrabawa a karɓe takardun tambaya daga hannun ɗalibai, a mayar da su ofishin da ya buga su, a yi amfani da bayansu.

Bayan sojoji sun karɓi mulki, a farkon 1984 sai maganar rage ma'aikata ta sauko. Aka ce kowace makaranta ta ba da sunaye. Shugaban makarantar ya kira Mode, bai yi masa kwana-kwana ba.

"Mode, kujerakka tana rawa. Can sama sun ce mi a amhwanin mai tahireta, tunda malami na iya rubuta tambaya ga allo. Amma ga dama guda. Jarrabawag gwaji ta bana, tamu da ta makarantas Shagari, nan za a buga ta. In ohishin shiyya sunka ga aikinka, na samu abin da nika kare ka da shi."

"Ranka shi daɗe," in ji Mode, "sai dai in ba su da idanu."

Ya faɗa da ƙarfinsa, amma ya san halin da yake ciki. Salamatu na da tsohon ciki, shi kuwa ba gona ba sana'a, tafiretar nan ita ce duk abin da ya iya.

Ya zauna wa aikin ba ji ba gani. Turanci ya wuce, tarihi ya wuce, kowane shafi kamar a kai shi nuni. Sai takardar lissafi, tambaya ta shida, mai maki ashirin. Gwaggo ce, amma wannan karon ƙaura ta yo. A kanta ashirin kawai, ba laifi. A ƙarƙashinta kuwa, bayan ɗan "r = 1" da ya saba, Malam Abdulƙadir ya ƙara wani dogon sharaɗi, wai a tsallake duk lambar da uku ke raba ta. Mode ya ƙirga haruffan, ya ga sun ninka faɗin Gwaggo sau huɗu. In ya jera su a layi ɗaya, za su miƙe ta hagu su shiga ƙarƙashin lambar tambaya, su miƙe ta dama su tokari abin da ke gaba. Shafin da ofishin shiyya zai gani ke nan, kuma sitansil ɗaya gare shi.

Tun hantsi yake kallon abin nan har aka kira azahar. Malam Abdulƙadir yana ɗakin malamai, taku talatin ne tsakaninsu. Da ya je ya tambaye shi, da an gama a minti biyu. Amma shekara huɗu Mode bai taɓa tambayar kowa yadda ake aikinsa ba, kuma bai ga dalilin farawa a ranar da ake auna shi ba. A hanyar dawowa daga masallaci ya tuna da ubansa, wanda ya rasu shekara biyu kafin nan. Ya tsaya cak a tsakiyar filin makaranta yana murmushi shi kaɗai, ya tabbata tsohon ne ya aiko masa da amsa.

Ya buga "r = 1" a ƙarƙashin Gwaggo, daidai tsakiya. Ya zana 'yar ƙugiya a gabansa. Ya kai dogon sharaɗin can gefen dama, bakin sitansil, ya rubuta shi a karkace da alƙalamin ƙarfe. Ranar ce kaɗai karkatar hannunsa ta yi masa rana. Da ya gurza kwafin gwaji ya ɗaga shi a taga, sai da idonsa ya kawo ruwa don daɗi. Malam Abdulƙadir ya duba ya yi dariya.

"Kai Mode, ka mai da lissahi littahin hiƙihu! Tau, ai ana karantawa. Bar shi hakanan."

Aka sa wannan kwafi a fayil aka aika ofishin shiyya.

Mode da kansa ya juya injin. Takarda mai faɗi, ragowar zamanin wadata, ta ishi kwafin Bodinga arba'in da ɗaya, ta ƙare. Ya farke sabon ƙunshin da ofishin shiyya ya aiko, ya ci gaba da na Shagari. Sabuwar takardar ta gaza tsohuwar da faɗin yatsa biyu. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya duba ko tawada ta kama, ya ƙirga ashirin da uku, ya ɗaure ya buga hatimi. Mutumin da ke hango karkataccen harafi tun daga bakin ƙofa bai duba gefen dama ba.

Bayan mako uku sakamako ya fito. Amsar tambaya ta shida ɗari da arba'in da bakwai ce, kuma yawancin 'yan Bodinga sun same ta. 'Yan Shagari kuwa, su ashirin da uku, kamar sun haɗa baki, kowa ɗari biyu da goma. Sauran sassan tambayar a kan wannan amsa aka gina su, don haka maki ashirin ya tafi gaba ɗaya, lissafin makarantar ya kwanta. Ofishin shiyya ya kira malaminsu, wani saurayi mutumin Kajiji, Malam Maniru, wanda bai cika shekara biyu da fara aiki ba. Ya rantse bai ga wani sharaɗi a takardar ba. Aka buɗe fayil aka nuna masa, ga shi nan a gefe, a karkace. Aka ce malamin da bai iya karanta takardar tambaya ba, me zai koyar? Aka sa sunansa cikin waɗanda za a sallama.

A makon ne wasiƙar yabo ta zo wa Mode. Ofishin ya ce bai taɓa ganin takardun jarrabawa masu tsabta irin waɗannan ba. Shugaba ya karanta ta a gaban malamai, ya ce kujerar Mode ta zauna. Da hira ta koma kan Malam Maniru ana dariya, Mode ma bai bar nasa ba. Ya ce wasu malaman sai an saya musu tabarau kafin a ba su alli. An yi dariya sosai. Har yau wannan maganar ce ya fi jin kunyarta, fiye da kuskuren kansa.

Ran wata Talata da safe aka dawo da takardun Shagari, a ɗaure da igiyar rama, don a yi amfani da bayansu. Mode ya zaro ɗaya zai buga jadawalin sharar azuzuwa. Kafin ya kifa ta sai ya ce bari ya ƙara kallon Gwaggonsa, don ba ya gajiya da ita. Ga ta nan zaune daram. Ga "r = 1". Ga 'yar ƙugiya tana nuna gefe. A gefen babu komai, takarda ta ƙare.

Ya zaro ta biyu, ya zaro ta uku. Ya bi ashirin da ukun nan ɗaya bayan ɗaya, gumin yatsunsa na jiƙa su. Yaran Shagari sun amsa abin da aka tambaye su, kuma sun amsa daidai. Malam Maniru bai yi ƙarya ba. Duk duniya kuma mutum ɗaya ne ya sani.

Zai yi daɗi a ce nan take ya miƙe ya nufi ofishin shugaba. Bai miƙe ba. Ya mayar da igiyar ya ɗaure, ya tura ƙunshin can ƙasan kabad ɗinsa, ya ɗora masa tsofaffin rajistoci. Akwai gara a bangon ofishin nan, wadda ya yi shekara huɗu yana yaƙi da ita da kananzir. Ranar ya daina zuba kananzir. Kullum da safe sai ya leƙa ya ga ko ta yi masa aikin. Ita kuwa gara ta cinye rajistar 1981 tas, ta bar takardun Shagari ko kusurwa ba ta taɓa ba.

Hannunsa ya fara ba shi kunya. Wasiƙa mai layi shida ya yi mata kuskure huɗu, jan farcen Salamatu ya kama hanyar ƙarewa. A gida ya riƙa barin tuwo a kwano, a tambaye shi ya ce zafin bazara ne.

A kwana na takwas Malam Maniru ya zo da kansa. Ya tuɓe takalma a bakin ƙofa, ya shigo da sallama cikin wata farar riga da ta sha guga. Ya ce ba rigima ta kawo shi ba, so yake ya ga wanda ya buga takardar. Mode ya nuna masa benci. Bencin kuwa a jingine yake da kabad ɗin.

"Malam Mode, aikinka ya yi kyawo, Allah shi ƙara basira. Ni dai abin da ad dame ni, ranan nan ni nir raba takardun da hannuna, kuma na karanta tambayag ga sau biyu. Walle ban ga rubutun gehe ba. Amma sun gwada mini, ga shi ƙuru-ƙuru. Kwanakin ga sai in ɗauki littahi in karanta layi, in koma in sake, don ban yarda da idona ba. Wataƙila gaskiyassu, aikin ba nawa na ba. Ko takardunmu da anka maido suna nan, in ƙara dubawa?"

Mode ya ji bakinsa ya ce, "Gara ta cinye su."

Malam Maniru ya gyaɗa kai, bai yi musu ba. Ya sha ruwan da aka ba shi, ya yi godiya, ya sa takalmansa ya tafi neman motar Shagari. Mode ya zauna yana kallon inda ya tashi. Cewa ya raba mutum da aikinsa, wannan ya sani tun kwana takwas. Sai yau ya gane har da idonsa ya raba shi. Ya ji ya tsani kansa, tsana ta gaske, ya kasa taɓa tafireta har aka tashi.

Bayan la'asar ya sami Salamatu a tsakar gida tana tankaɗe. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya faɗa mata komai, har da garar. Fata yake ta ce ya rufa wa kansa asiri ya dubi cikin nan nata, don ya samu wanda zai ɗora wa shirun. Ta ci gaba da tankaɗenta sai da ta gama kwanon.

"Tau, mi kaka so in ce, Malam? In kah hwaɗi, mu sha wuya. In kay yi shiru, mu sha wuyakka. Yunwa na san ta tun gidanmu, na iya zama da ita. Wagga huska da kaka shigo muna da ita kwana takwas, ita ta ban iyawa." Ta kaɗe rariya. "Kuma in sunka kore ka, ka maido mini jan hwarcena."

Yana zaune a nan ya tuna abin da ya manta. In Malam Abu ya gama kwafar littafi, ba ya miƙa wa mai shi sai an yi muƙabala. Ya sami wani malami ya riƙe asali yana karantawa da ƙarfi, shi yana bin kwafi da yatsa, shafi bayan shafi, har da abin da ke gefe. Lokacin Mode yana yaro gudu yake yi in an fara, don abin yana gundurarsa. Ashe ƙugiyar ya ɗauko ya bar muƙabalar.

Washegari ya shiga ofishin shugaba da takarda biyu, ta Bodinga da ta Shagari, ya ɗora ƙaramar a kan babbar. Yatsa biyu na ta ƙasa suka leƙo, da sharaɗin a kansu. Shugaba ya daɗe yana kallo.

"Wa as sani?"

"Ni, da Salamatu, da Wanda ba a ɓoye ma komi."

"Takardag ga ai su sunka aiko ta ƙarama."

"Su na, ranka shi daɗe."

"Kuma ka san ohis ba ya laihi."

"Na sani."

"Wasiƙay yabon ga ita kaɗai ar riƙe ka. In nik kai wanga zance, ita za su hwara karɓewa."

"Na sani, ranka shi daɗe. Ni niy yi rubutun, ni nij juya injin. Malamin ga bai yi komi ba. Kuma jiya na yi mishi ƙarya, a ƙara da wannan."

Shugaba ya ce bai taɓa ganin wawa irin Mode ba. Sau biyu ya faɗa, na biyun muryarsa ta yi ƙasa. Sannan ya ce ya je ya buga bayanin. Makarantar ba ta da wani mai tafireta, saboda haka Mode ne ya buga takardar da ta tona shi, ba kuskure ko ɗaya. Ofishin shiyya ya cire sunan Malam Maniru, ya ce a sake wa 'yan Shagari tambaya ta shida. Bayan kwana goma jerin waɗanda za a sallama a Bodinga ya tabbata, shi ma Mode aka ba ya buga.

Takardar gurbi-gurbi ce, na lamba, na suna, na aiki, kuma gurbin suna ba shi da faɗi. Sunan mai gadi ya shiga, na mai dafa abinci ya shiga. Na uku shi ne nasa. A takardun gwamnati shi ba Mode ba ne, Muhammadu Abubakar Sifawa ne, sunan kuwa ya fi gurbin tsawo. Bai tsaya tunani ba, don hankalinsa ba ya wurin. Ya buga Muhammadu Abubakar, ya murɗa takarda, ya buga Sifawa a ƙarƙashi, daidai tsakiya. Suna ya zauna cikin gurbinsa, bai taɓa na hagu ba, bai taɓa na dama ba.

Ya tsaya yana kallo. Sai ya kwashe da dariya shi kaɗai, har shugaba ya leƙo ya ga ko ya taɓu. Amsar abin da ya hana shi sukuni ranar nan tun hantsi har azahar ke nan. Ba gefe ake kai kayan Gwaggo ba, jera su ake yi a gindinta, wani ƙarƙashin wani. Ya yi dariya har hawaye, kuma bai san lokacin da hawayen suka daina zama na dariya ba.

Aikinsa na ƙarshe shi ne sabuwar tambaya ta shida. Ya bar wa Gwaggo fili mai yalwa a ƙasa, ya buga "r = 1", ya raba sharaɗin gida biyu, ya jera su a ƙarƙashi, kowane a tsakiya. Ya gurza a kan ƙaramar takarda. Sannan ya yi taku talatin ɗin nan zuwa ɗakin malamai, ya roƙi Malam Abdulƙadir ya riƙe asali ya karanta da ƙarfi, shi yana bin kwafi da yatsa. Duk ashirin da ukun sai da ya bi, Malam Abdulƙadir yana hamma.

Da kansa ya kai takardun Shagari. Ya sami Malam Maniru a bakin aji da alli a hannu, ya tuɓe takalmansa kafin ya ƙarasa.

"Malam, gara ba ta ci komi ba. Ni na. Idonka lahiya lau."

Malam Maniru ya ajiye allin, ya kama hannun Mode da hannu biyu ya riƙe. Da ya buɗe ƙunshin ya ga shafin, ya daɗe yana kallo, ya ce ko a littafin da aka buga a Ingila bai ga an zaunar da alamar nan haka ba.

Mode ya kawo wannan magana gida da zafinta ya ba Salamatu, tare da kwalbar jan farce, wadda ba komai a cikinta.

"Madalla," in ji ta. "Da mi za mu ci ta, miyak kuka ko ta sure?"

Sun sha wuyar da ta faɗa, har da ƙari. Keken ya tafi, wata tsohuwar tafireta mai ɗingishin harafi ɗaya ta zo a madadinsa, ya kafa teburi a kasuwa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Watannin farko in ya hango malaman makarantar sun shigo cefane, sai ya sunkuya yana gyaran zaren tafiretar da ba abin da ya same shi. Biro ukun nan suka koma ɗaya, shi ma na aron masu sa hannu ne. Malam Maniru kuwa ya ci gaba da koyarwa har furfura ta fito masa, kuma bai taɓa wucewa ta Bodinga ran kasuwa ba sai ya biyo ta layin maɗinka, ya tuɓe takalma a bakin rumfar da ko tabarma babu.

Tun daga ranar nan ta Shagari babu wanda ya ƙara kawo wa Mode Gwaggo. Masu rikicin gona ba sa tara lambobi daga ɗaya zuwa ashirin. Sitansil ɗin yana nan cikin akwatinsa, tawada ta bushe a jiki.

"Duk ƙasas Sakkwato babu wanda ah hi ni iya zaunar da ita," yakan ce yana dariya. "Na iya ta ran Alhamis, anka sallame ni ran Litinin."

In ya gama wa mutum takarda, ba ya miƙa masa. Sai ya zare ta ya karanta masa da ƙarfi daga sama har ƙasa, ko da mai ita yana cewa ya ji ya yarda, motarsu na shirin tashi. Sannan ya sa babban yatsa ya bi gefen dama a hankali, tun daga kai har gindi. Bai ƙara rubuta komai a wurin ba, amma sai ya duba.